Tulun Celestina a Kan Dutse

Celestina Choji 'yar Vom ce ta jihar Filato, tana aiki a gidan kula da tsofaffi a Erdington, cikin Birmingham. A cocin Katolika da take zuwa, ita ce mai buga wa matan zumunta tulu in za su yi waƙa. Tulun na yumɓu ne, daga gida ta taho da shi.

Mijinta Gamaliel ya rasu a watan Fabrairu. Ba ta yi kuka ba. Ta koma aiki, tana yi wa tsofaffi wanka, tana ba su abinci. Tulun ta tura shi ƙarƙashin gado. Mata suka ci gaba da waƙa da tafi kawai.

Da zafi ya shigo, aka shirya ziyarar ibada zuwa wani ɗan ƙauye a duwatsun Alps na Turai, inda akwai tsohuwar majami'ar Maryamu. Yayar mijinta, Murna, ta taho daga Longsight, cikin Manchester, a bas ɗin masu ziyara. Da bas ɗin ya biyo ta Birmingham, ita ta jawo tulun daga ƙarƙashin gado, ta naɗe shi da zannuwa.

"Matarmu, tashi. In ba ki buga a gaban Uwarmu ba, a ina za ki buga?"

"Yaya, zai fashe a hanya."

"Ni zan goya shi. Na goyi mijinki ma, bai fashe ba."

Ƙauyen titi ɗaya ne. Gefe guda shagunan kyandir da rosari, wato carbin Katolika, ɗaya gefen otal-otal na masu hutu. Matan suka hau dutsen sanye da ankon zumunta da takalman coci, sanyi yana ratsa su. A ƙofar majami'a wata sista mai hidimar coci ta dubi tulun, ta ce ba a kiɗa a ciki, wurin addu'ar shiru ne. Babu wadda ta tambaya kafin a baro Ingila.

Sai suka koma filin ciyawa, kusa da inda masu hutu ke shan kofi. Murna ta ɗora wa Celestina tulun a cinya, ta ɗauko waƙa.

Celestina ta buga. Hannunta bai manta komai ba. Mata suka amsa, wasu da hawaye. Masu hutu suka ɗaga wayoyi, da aka gama suka tafa. Murna ta leƙa fuskarta.

"Yaya kika ji?"

"Ƙafata ta yi sanyi, Yaya."

Celestina ce ta naɗe tulun da kanta, ta riƙe shi a cinya har Birmingham.

Yanzu kowace Lahadi tana bugawa. Matan sun ce waƙa ta dawo daidai. In an tashi, takan mayar da tulun cikin zannuwa, ta tsaya jiran bas, ta wuce wurin aiki.