Kunun Inna da ranar Dakar

Shekarar da autanmu ya samu aiki a Dakar, Inna ta kafa wa kanta wata dokar azumi da babu ita a littafin kowane malami. In an kira magariba a unguwarta, Ƙofar Wambai ta Bauchi, za ta ci dabino ɗaya, ta kurɓi ruwa, ta yi salla. Kunu da ƙosai kuwa sai ta rufe su da faifai, wai ba za ta cika ciki ba ɗanta yana can da ƙishi. Ga ta da gyambon ciki, da ƙyar ma likita ya bar ta ta ɗauki azumin.

Kullum nakan hau keke daga Gwallameji in zo mu sha ruwa tare, in yi ta faɗa. Faɗana bai taɓa ɗaga faifan nan ba.

Da farko mun ɗauka abin mai sauƙi ne. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, to ta jira awa ɗaya. Ashe agogo daban, rana daban. Dakar tana can ƙuryar yamma a bakin teku, inda ƙasa ta ƙare, mu kuma muna nan gabas cikin duwatsu. In rana ta faɗi a Bauchi sai ta yi kusan awa biyu kafin ta faɗi a wurinsu. Mu mun yi isha'i har an tayar da asham, su ko magariba ba a kira ba. Na yi wa Inna bayani da lemo da tocila. Ta saurara tsaf, ta karɓi lemon, ta tura shi ƙarƙashin faifai.

Sai na haɗa baki da auta. Awa ɗaya na cika bayan magaribarmu ya kira waya, ya gaishe ta, ya kurɓi iska da ƙarfi, ya ce alhamdu lillahi an sha ruwa. Inna ta yi masa barka, ta ɗage faifai, ta dinga buga ludayi a kwano tana yabon kunun yau. Na ji sanyi a raina. Yana kashe waya ta mayar da faifai. Ko ɗigo ba ta sha ba.

Raina ya ɓaci, na ce haba Inna, ai kin ji shi da kunnenki.

"Na ji shi," in ji ta. "Ni na yaye shi. A ce ban san muryarsa da ƙishi ba?"

Na tambaye ta me ya hana ta ƙaryata shi. Ta ce yaro yana azumi a ƙasar mutane, ba za ta ƙara masa da tunaninta ba, kuma kada in kuskura in gaya masa.

Haka suka ƙare watan, shi yana kurɓar iska, ita tana buga ludayi. Tausayinsu ya hana ni tona asirin kowa. Daga ranar ni ma na tura ƙosaina ƙarƙashin faifan, muka zauna mu biyu muna jiran rana ta faɗa teku.