Fitsarin da Aka Kai wa Wanzami

Tun kafin Nasara su iso ƙasar Sakkwato maigidana ya kwanta ciwo a Tambuwal. Maruru ya fara fito masa a wuya, ya fashe, ya warke. Sai ga zazzaɓi da makyarkyata, kwiɓinsa na dama ya ɗau zafi, ko zane ba ya so ya taɓa wurin. Fitsarinsa ya koma kamar tsari, ruwan wankin gero, ga wari.

Surukata ta ce sammu ne. Wan maigidana take zargi, don sun taɓa yin cacar baki a kan gona. Ni ma ban yarda da wan ba, sai dai tsohuwar ma ban yarda da ita ba, mace ce da ko gaisuwa sai ta juya ta ta duba bayanta.

Wan nan ne ya ɗauko wanzami daga Kebbe. Wanzamin ya tsaya a zaure ya ce a kawo fitsarin mara lafiya ya gani. Na tara a ƙoƙo, tsohuwa ta karɓe.

"Kawo nan, ni nika kai masa."

"Inna, ai da kin bari..."

"Ke, rufe mini baki!"

Ashe ta zagaya bayan rumbu ta zubar, ta zuba nata. Wai fitsarin ɗanta ba zai shiga hannun baƙo a yi masa asiri da shi ba. Wanzami ya ɗaga ƙoƙo ga rana, ya ga fes, ya ce zazzaɓin damina ne, ya bar saiwa ya tafi.

Sai da kwiɓin ya kumbura ya yi jawur na je da kaina na roƙi wan ya sake kiransa. Wannan karon ya shigo har ɗaki. Ya buga kwiɓin da gefen hannu, maigida ya kurma ihu. Wanzami ya waiwayo ya dube mu.

"Ƙoda ce ta tara mugunya. Fitsarin wa kuka nuna mini?"

Ya gasa ƙarfe ya yi sakiya, mugunya ta yi ta zuba har ƙwarya ta cika. Ya ce da tun farko ne, da sauƙi.

Maigida bai kai Juma'a ba ya rasu. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da mata suka taru gaisuwa, tsohuwa tana share hawaye tana cewa, "Kun gani ko? Na ɓoye musu fitsarinsa, suka biyo ta ƙarfe."