Kaka Tankari da Ƙasar Waje

Ku da kuka san kakana Tankari na Dumega, kun san ba ya amsa gaisuwa da baki wofi. Kullum akwai busasshen wake a aljihunsa na hagu. Ka ce masa ina kwana, sai ya ciro ƙwaya ɗaya, ya ɗora a kan turmin haƙorin da ya rage masa, ya ciza, ya saurari ƙarar. In ta yi masa daɗi, to an kwana lafiya. In ba ta yi ba, sai ka ji “da sauƙi dai.” Da dangin mijina suka zo neman aurena, bai tambayi asalinsu ba, cewa ya yi a kawo masa waken gonarsu. Ya ciza, ya saurari ƙarar, kowa ya zuba masa ido.

“A ba su ita,” in ji shi. “Sun iya shanya.”

Shekara arba'in yana sayen wake a ƙauyukanmu, yana lodawa a amalanke, yana kaiwa kasuwar Bacaka, can tsallaken iyaka cikin Nijeriya. Amma akwai abin da ke cin ransa, kuma duk gidanmu mun sani. Ubansa Gado falke ne na gaske, irin waɗanda suka kora jakuna har Gwanja suka dawo da goro. Shi kuwa Kaka, a ganinsa, bai taɓa fitar da kaya ƙasar waje ba. In aka ambaci Gado sai ya sunkuyar da kai ya ce fatauci a hannunsa ya mutu. Muna dariya, amma shi ba da wasa yake faɗa ba.

Da na gama lakwal, karatun boko ke nan, na samu aiki a Yamai, a wani buro, ofishin da ke cika wa ƴan kasuwa takardun duwan, wato kwastan. Na zo gida hutu ina ji da kaina, na zauna kusa da shi a zaure. Kun san wasan kaka da jika, amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa angona.

“Amarya, mi kuke yi cikin buron nan, ban da shan iska?”

“Takardu muke yi wa masu fitar da kaya ƙasar waje. Da Faransanci esportater ake ce musu.”

“Asbar mi?”

“Esportater. Duk wanda ya ɗauki kayan ƙasarsa ya sayar a wata ƙasa, shi ke nan ya zama. Kai ma shi ne, angona. Tun ba a haife ni ba kake yi.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Ni? Wace ƙasa nit tahi?”

“Nijeriya mana. Bacaka ba Nijeriya ba ce?”

“Bacaka? Inda anka yanke ma uwata cibi? In na isa can, tun ban kwance san amalanke ba ake aiko min hura. Wanga lakwal da anka sa ki, asara anka yi.”

Na ɗauko taswira a waya na nuna masa layin iyaka. Ya ce shi kam ya bi hanyar nan har takalmansa sun san ta, bai taɓa tuntuɓe da wani layi ba. Na ce ai kuɗinsu daban ne. Ya ce shi da matarsa ma aljihunsu daban ne, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Daga nan ya yanke hukunci, kuma har ya koma ga Allah bai janye ba: ƙasar waje ita ce inda za ka yi magana a rasa mai jin ka.

Ma'aikatan duwan na bakin iyaka sun sha fama da wannan hukunci. Wani sabon zuwa, yaro mai ladabi, ya tare amalankensa ya ce, “Baba, kayan nan fita waje za su yi, sai an yi musu takarda.” Kaka ya ji kalmar waje, fuskarsa ta washe, har ya gyara hula. Sai ya tambayi yaron ina ne wajen. Da ya ji Bacaka ce, ya tsuke fuska.

“Ɗana, yi takardarka, aikinka ne. Amma kak ka rubuta waje. Rubuta gidan kawunnaina.”

To, tunda ya kafa dokarsa, sai ta kai shi inda ba mu zata ba. Wata rana ya ji an ce mutanen Dosso Zabarmanci suke yi. Ya kwana biyu yana tunani, ya tashi ya zaɓi buhu uku na waken da ya fi ƙara a haƙori, ya sa babbar rigar da ke ƙasan adaka tun auren kawuna, ya hau mota. A shingen jandarma babu wanda ya tambaye shi komai, shi ne ya sauko da kansa ya ce a buga masa hatimi, zai fita ƙasar waje.

“Baba, Dosso Nijar ce.”

“Kai dai buga.”

Ba su buga ba, amma direban ya ce sun yi dariya har ɗayansu ya zauna a ƙasa.

Ya isa kasuwa ya jingine buhunansa. Wata mata ta tsaya ta ce masa “Fofo.” Kaka bai gane ba, daɗi ya kama shi, ya ce a ransa yau dai ga shi a inda Gado ya taka. Matar ta damƙi waken, ta duba, sai ta ce da Hausa tsantsa, “Tsoho, nawa tiya?”

Ya ɗaure bakin buhu. “Ba na saidawa ba ne.”

Haka ya wuni. Duk wanda ya zo, ya gaishe shi da Zabarmanci, ya yi ciniki da Hausa. Da la'asar ya sake loda buhu ukun nan ya dawo da su Dumega, bai sayar da ko tiya ɗaya ba. Kakata ta tambaye shi yaya ƙasar waje. Ya ce, “Sun lalace. Dut sun koyi magana.”

Mun yi shekaru muna ba da wannan labari. Amma da ciwo ya kwantar da shi bara, na zo na same shi ya rame, kuma maganar Gado ta dawo bakinsa. Ya ce mini, “Amarya, in na ishe shi can, mi za ni ce mishi? Ya bar min hanya, na tsaya bakin gida.” A nan dariya ta ƙare mini. Na ji tausayinsa har na fita waje na share hawaye.

Sai na nemi Alhajin da ke sayen wakensa a Bacaka. Ya ce ai waken Tankari ba ya kwana a Bacaka, manyan motoci ke kwasarsa zuwa Ikko, kuma akwai wata Bayarabiya mai sayar da wake a can da ba ta karɓar kowanne sai nasa. Ya ba ni lambarta. Matsala ɗaya, matar ta yi zama a Sakkwato, Hausa a bakinta kamar ni. Na roƙe ta, na ce don Allah Mama, ko kalma ɗaya kada ki yi.

Da hantsi na kira ta, na kara masa wayar a kunne, na ce ga mai sayen wakenka. Matar nan ta saki Yarabanci, ta yi ta zubawa. Kaka ya lumshe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi.

“Amarya, mi take cewa?”

“Wallahi ban sani ba.”

“Ke da kinka yi lakwal?”

“Ko kalma ɗaya ban ji ba.”

“Ni ma haka. Alhamdu lillahi.”

Ina murna dabarata ta ci, sai matar ta ji tarinsa, zuciyarta ta karye, ta manta da alkawari. Muka ji ta ce, da Hausar Sakkwato garau, “Sannu Baba. Allah shi ba ka lahiya.”

Na daskare. Kaka ya buɗe ido ɗaya ya dube ni, ya daɗe yana dubana, ya san abin da na ƙulla sarai. Sai ya miƙo mini wayar.

“Wagga ta ƙarshe,” in ji shi, “ita ma ban ji ta ba.”

Kwana tara bayan nan ya rasu, kuma a kwanakin nan bai ƙara cewa ya tsaya bakin gida ba. Allah ya jiƙan angona, ya yafe masa, ya yafe mini ƴar ƙaryar da ya taya ni rufewa. Allah ya sada shi da Gado, ya shiga wurinsa da kai a ɗage.