Tsoho Mai Famfo Biyu

Cikin masu kallo, Maren kaɗai ta lura leɓen wani tsoho yana motsi, daƙiƙu yake ƙirgawa. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya ɗaga hancin jirgin saman da ya ƙera a rumfar jirage ta garinsu a jihar Wisconsin ta Amurka, yana gwada ko famfon lantarki zai cika bokiti da fetur kan lokaci.

"Orval, famfo har biyu?" maƙwabcinsa yake tsokanarsa. "Na jikin injin bai isa ba?"

"Kai famfo ɗaya ya ishe ka, gwauro! Ni matata zan ɗauka ran Asabar."

Maren tana zaton shi da matarsa sun shekara hamsin tare. Bokiti ya cika. Tsohon ya goge hannu, ya gutsura wa gwauron rabin burodinsa.