Duwatsun Zipora da ba sa son ɗumi

Ranar Talata, sha takwas ga watan Maris, aka aiko mini cewa Dakta Zipora Badung ta rasu a gidanta da ke Anguwan Rukuba, bayan doguwar jinya. Ƙawata ce tun muna 'yan firamare. Zipora, har yau hankalina bai kwanta ba, kuma ba rashinki kaɗai ne ya tayar da shi ba.

Ke ce 'yar Jos ɗin da sanyin Jos bai ishe ta ba. Kin karanci ilimin duwatsu, kika bi jirgin masu bincike har can ƙarshen duniya inda teku ke daskarewa. Mun sha tsokanarki cewa wasu na dawowa daga waje da mota, ke kin dawo da taɓo. A cikin taɓon nan na ƙasan teku akwai 'yan duwatsu masu launin zuma, ikait sunansu. Kin ce sai a ruwan da ya kusa zama ƙanƙara suke samuwa, shi ya sa suke zama shaidar irin sanyin da aka yi a zamanin da ba wanda ya gani. Amma da sun ji ɗumi sai su saki ruwa su rududduge.

Saboda su kika ajiye firiza da janareto a gida. Mu ma mun ci albarkacinsu. Lokacin da ciwon suga ya kama mijina, a firijinki allurarsa ta zauna shekara da shekaru, ba ki taɓa nuna mun dame ki ba. Ɗalibanki kuwa, duk wanda ya zo duba taɓo sai ya ci gwate kafin ya tafi.

A asibiti kika riƙe hannuna kika ce, “Suzana, ɗalibina Robert zai taso daga Legas da akwatin sanyi. Digirinsa na kan duwatsun nan. Kafin ya iso, kada ki bari su ji ɗumi.” Na ce miki kin gama magana.

Washegarin rasuwarki matan zumuntar coci suka cika gidan don girkin masu zaman makoki. Aka yanka sa, aka rasa inda za a sa nama. Mama Magadaliya, yayar mijinki, ta buɗe firizar ta ga robobin laka, ta kwashe su ta jera a bakin taga, cikin ranar Maris. Ina coci wajen shirin jana'iza. Da na dawo na gani, na tambayi Mama Magadaliya me ya sa ta fitar da su.

Ta ce, “Suzana 'yata, ƙasa ce fa. A bar naman baƙi ya lalace saboda ƙasa?”

Ban ga laifinta ba, mutuncinki take karewa. Amma duwatsun sun zama kamar jiƙaƙƙen gari. Roba ɗaya ce ta tsira, wadda ta maƙale a can ƙasa cikin ƙanƙara, hannun Mama Magadaliya bai kai ba. Ita na naɗe a zanena na ruga gida da ita, na rabar da duk abin da ke firizata.

Tun jiya aka ɗauke wuta a unguwarmu. Janaretona tsoho ne, ko ya ɗan yi tari sai in ruga in duba shi. Robert ya ce yana hanya, ni kuwa na kasa gaya masa roba ɗaya zai tarar. Tsoro nake ji, Zipora.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa. Ya ta'azantar da mijinki Baba Datong, da 'yarki Dina, da Mama Magadaliya wadda har yanzu take kuka tana cewa ba ta sani ba. Gobe za a kai ki makwanci. Idan ba ki gan ni a bakin kabari ba, ki yafe mini. Ina gida, ina gadin abin da kika bar mini.