Karfatar Bauna a Ƙofar Biro

Duk tsufan nan da na yi, ban taɓa mantawa da ranar da Baba Arzika ya sauke karfatar bauna a ƙofar bironmu ba. Ku da kuka shigo aikin daji bayanmu kuna yawan roƙona in ba ku labarin farautar da, kuna zaton za ku ji jarumta. Babu jarumta a nan. Abin kunya ne, kuma ni na aikata shi.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Ina ƙaramin gardin daji a ƙasar Gaya, wajen da daji ya gangara ya haɗu da fadamun Tunuga. Ga wanda bai san tsarin ba, gardi shi ne na ƙasan kowa. Sama da shi akwai birgadiye, mai riƙe da biro, wato ofis, da hatimi. Ba zan faɗi sunan birgadiyenmu ba, jikokinsa suna nan kuma ba su yi mini komai ba. Ni an ɗauke ni ne don na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ina iya rubuta faransanci. Saboda haka aka damƙa mini kaye, wato littafin da ake rubuta duk abin da aka halba a yankinmu, da sunan wanda ya halba, da wurin.

Da kaka ake buɗe farauta, idan an gama yankan gero, ciyawa ta fara ja. Permi, wato takardar izinin farauta, iri biyu ne. Ƙarami na zabin daji ne da fakara da zomo da gada. Babba shi ne na manyan dabbobi irin bauna da gwanki, kuma ba mu ke ba da shi ba, daga sama yake zuwa. Mahalban ƙauye duk ƙarami gare su.

Baba Arzika mahalbi ne na wani ƙauye a bakin fadama. Bindigarsa irin ta da ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, halbi ɗaya sai an sake ɗuri. Gadon ubansa ce, da ita yake ciyar da gidansa daga kaka har faɗuwar ruwa. Duk abin da na sani na daji a wurinsa na koya. Kaka biyu na yi ina bin bayansa. Shi ya nuna mini yadda ake kaɗa toka daga ɗan tsumma a ga inda iska ta nufa, da yadda ake gane sawun safiya daga na jiya ta wurin raɓar da aka kakkaɓe daga ciyawa. Shi ya ce mini idan na ga carki sun tashi daga cikin gamba in tsaya cak, don carki ba ya zama sai a bayan babbar dabba. Ɗan lakwal yake kirana. Yakan ce in riƙa ɗaga ƙafa, wai idan ina tafiya da takalman gwamnati har gadar da ke hayin Dahome tana jin zuwana. Ban taɓa ba shi komai ba, bai taɓa tambaya ba.

A makon farko na buɗe farauta wani babban mutum ya zo daga Yamai da motarsa da sabuwar bindiga irin ta Turawa. Ni na karɓi takardarsa na duba, permi ƙarami ne. Birgadiye ya kira ni gefe ya ce in nemo Baba Arzika mu fita da baƙon, mu tabbata ya koma gida da nama da fara'a.

Muka fita da sassafe mu uku. Kafin hantsi baƙo ya sami zabi uku, biyu daga ciki ma sai da Baba ya kai shi har gindin itacen da suke. Muna zagayowa ta wani tafki mai giginya muka ci karo da sawun bauna, ita kaɗai, kashinta da ɗumi. Baba ya dube ni, ya karkata hagu don mu kauce. Amma baƙon ya riga ya gani. Ya ce shi fa bai taso daga Yamai don zabi ba.

Nan ne laifina na farko. Aikina ne in ce masa takardarsa ba ta kai nan ba. Ba don komai aka sa mini kaki ba sai don wannan maganar. Sai kawai na bi bayansu, ina kallon takalmina.

Muka same ta tsaye a bakin gamba. Baba ya yi wa baƙon raɗa cewa ya bari mu matsa, ya jira ta ba da gefe, ya ɗora bindigar a kan reshe. Mutumin nan bai saurara ba. Yana tsaye, yana haki, daga nesa ya saki wuta. Bauna ta takure, ta juya, ta faɗa cikin gamba.

Baba ya je wurin da ta tsaya ya durƙusa. Ya karyo ciyawa ya nuna mini. Jini ne baƙi-baƙi, gauraye da koren abin tumbi, ya shafi ciyawa daidai ƙuguna. Shi da kansa ya taɓa koya mini cewa jini mai kumfa na huhu ne, dabba ba ta nisa da shi. Wannan kuwa na ciki ne. Ya ce ba za ta mutu yau ba, ba za ta mutu gobe ba, za ta kwanta ne cikin ciyawa da zafin ciwo ta jira duk wanda ya gitta. Bayan gambar nan kuma fadamar shinkafar ƙauyensu ce, mata suna shirin shiga yanka a makon. Ya gaya wa baƙon, da ladabi, cewa a ƙa'idar mahalba wanda ya zubar da jini ba ya komawa gida sai ya ga ƙarshen dabbar.

Baƙon ya yi dariya ya ce ai kuskure ya yi, ciyawa ya halba, kuma ana jiran sa a Gaya da azahar. Sannan ya juyo gare ni da faransanci, don kada tsohon ya ji, ya ce yana fata ni yaro ne mai hankali.

Baba ya ɗaga mini ciyawar har kusa da hancina. “Ɗan lakwal, kai ma ka ga wannan ko?”

Na ce, “Baba, mu tafi dai.”

Da muka koma biro na gaya wa birgadiye komai, a zatona zai tura mu mu bi ta. Ya rufe ƙofa ya ce in buɗe kaye in rubuta zabi uku, da halbi ɗaya a kan gada wanda aka kuskure. Na rubuta. Har ƙawata rubutun na yi.

Abin da ya biyo baya daga bakin mutanen ƙauyen na ji shi. Baba ya je wurin mai gari ya sa aka hana mata shiga fadama. Washegari ya ɗura bindigarsa ya shiga gamba shi kaɗai. Bai bi sawun kai tsaye ba, don bauna mai rauni takan zagayo ta laɓe a gefen sawunta. Ta ƙarƙashin iska ya riƙa kewayawa, yini guda, bai same ta ba. A rana ta biyu ya hau wani suri ya zauna har ya ga carki sun tashi. Ya sauko ya lallaɓa. Ta taso masa daga kusa, halbi ɗaya gare shi, Allah ya sa ya dace. Sun ce tsakanin inda ta faɗi da ƙafarsa bai fi tsawon tabarma ba.

To, mahalban wajen nan suna da al'ada. Wanda ya fara zubar da jinin dabba shi ke da karfatar dama, wato ƙafar gaba da kafaɗarta, ko da wani ne ya ƙarasa ta. Idan an sami harsashi ko kibiya a jikinta, a mayar wa mai shi. Wanda ya ci wannan rabo ɓarawo ne a wurinsu, ba a sake fita daji da shi. Baba bai san wata doka da ta fi wannan ba. Ya ƙyafe karfatar don kada ta lalace, ya ɗora wa jaki, ya tako har biro. Ranar kasuwa ce, tsakar biro cike da masu neman takardar saran itace.

Ya yi sallama, ya sauke naman a ƙofa, ya ce rabon baƙo ne, a taimaka a aika masa. Sannan ya kamo hannuna na hagu ya sa mini harsashin da aka ciro daga cikin baunar. Ya lanƙwashe, amma kowa ya gani ya san ba na bindigar ƙauye ba ne. Ya ce shi ma a haɗa masa da shi.

Birgadiye ya fito. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya tambayi naman mene ne wannan. Baba ya ce na bauna ne, ranka ya daɗe. Ya tambaye shi wa ya kashe ta, Baba ya ce shi ya ƙarasa ta, amma jinin farko na baƙo ne. Ya tambaye shi ko yana da babban permi. Sai ya ce in ɗauko kaye in karanta abin da aka rubuta ranar da baƙo ya fita, in fassara wa jama'a.

Na karanta. Zabi uku, gada ɗaya an kuskure. Kaye yana hannun dama, harsashi yana dunƙule a hagu.

Baba ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yadda yake duban sawu. “Ɗan lakwal, karanta mana na hannun hagun ma.”

Wasu suka yi dariya, ba su san abin da yake nufi ba. Birgadiye ya ce, “Gardi, kana wurin. Ka ga jini?”

Na ce, “Ban gani ba, shef.”

Na sha neman wa kaina uzuri. Na ce ni yaro ne a lokacin, na ce kakin nan ne ke ciyar da tsohuwata, na ce ko na faɗa ba za a yarda da ni ba. Duk banza ne. Mutane sun fi ashirin a tsakar biron nan. Da na buɗe tafin hannuna kawai, ko uffan ban ce ba, da magana ta ƙare. Tsoro ne, da kwaɗayin a ce ni yaro ne mai hankali.

Aka karɓe bindigar Baba, aka soke perminsa, aka kai shi kaso, wato kurkuku, a kan kashe bauna ba da izini ba. Sai da mai gari ya yi ta zarya kafin a sake shi. Harsashin kuwa, birgadiye ya karɓa ya jefa a rijiyar bayan biro. Naman aka kai gidan birgadiye. Da yamma matarsa ta aiko mini da kwano. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau: na ci.

Har yanzu idan na tuna, raina tafasa yake. Mutum ya taso daga birni da bindigar da bai iya riƙewa ba, ya huda cikin dabba ya bar ta a bakin gonar mata, ya tafi cin abincin rana. Jiya-jiya aka ce ƙasa ta dawo hannunmu, kuma ɗan ƙasa ne ya yi wannan, ba Bature ba. Wanda ya sa ransa a gaba ya gyara ɓarnar, shi aka ɗaure. Mu da aka ɗauka mu tsare daji muka tsare mai laifi. Ina jin haushin baƙon, ina jin na birgadiye, amma su ba su taɓa bin bayan Baba suna koyon sawu ba. Ni na bi.

Ƙa'idar lokacin ita ce, idan an rufe farauta, bindigogin da aka ƙwace a lalata su a gaban shaidu. Na yi ta cewa a raina kafin lokacin zan yi magana. Lokaci ya zo ban yi ba. Ni na riƙe bindigar Baba a kan dutse, wani gardi ya sa guduma ya lanƙwasa bakinta.

Daga wannan kakar mahalban yankin suka ɗauke ƙafa daga bironmu. A da su ke zuwa su ce mana wuta ta tashi a wuri kaza, ko baƙin mafarauta sun ƙetaro kogi. Suka daina. Muka koma yawo a daji kamar makafi, kayenmu kuwa tsaf, babu ko tabo.

Sai da aka canza wa birgadiye wurin aiki, bayan shekara uku, na iya zuwa ƙauyen. Na sami Baba a ƙofar gida yana saƙa zana ta sayarwa. Bai sake mallakar bindiga ba. Na durƙusa na faɗi laifina duka, na ce a tara mutane a gaban mai gari in bayyana gaskiya. Bai daina saƙarsa ba.

Ya ce, “Wa za ka gaya wa? Mutanen garin nan su suka feɗe ta, kowa ya riƙe harsashin nan kafin in kawo maka. Ranar da maganarka ke da amfani ta wuce, ɗana. Je ka, na yafe don Allah.”

Ya yafe, amma bindiga ba ta miƙe ba, kuma har ya rasu sunansa yana cikin kayenmu a matsayin mai laifi, da rubutun hannuna.

Abin da na koya ke nan a aikin nan, kuma da tsada na koye shi a kan bayan wani. Mutanen daji suna da dokarsu tun kafin a haifi tamu, kuma sau da yawa tasu ta fi tamu tsare rai. Su ne idanunku, ranar da kuka ci amanar ɗaya kun rasa duka. Babba zai zo ya tafi, birgadiye za a canza shi, amma abin da kuka rubuta yana nan yana bin talaka har kabari. Idan kun ga jini a ciyawa, ku rubuta jini. Idan kuma an tambaye ku a gaban jama'a, a nan take za ku faɗa, don ni na jira shekara uku na tarar babu sauran wanda maganata za ta ceta.