Malama Ikilima Da Zancen Da Aka Ce Ta Binne

A Kiyawa, matar da aka lalata wa yaro ko yarinya ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa: gidan Malama Ikilima, na bayan injin niƙa. Ba likita ba ce, ba kuma ma'aikaciyar gwamnati ba. Doguwar mace ce mai shekara arba'in da ɗoriya, mijinta Kamilu yana sayar da taki da iri a kasuwa, ita kuma tana koya wa matan aure karatu bayan la'asar.

A gidan malamai aka haife ta. Mahaifinta, Malam Yahuza, yana da zauren da magidanta ke ɗaukar karatun littattafai. Cikinsu akwai wani Abdulkahar mai sayar da hatsi, wanda ya saba da gidan har ba a yi masa shamaki. Ikilima tana shekara tara ya fara sa ta kai masa ruwan alwala ɗakin ajiyar hatsi. Abin da ya yi mata a ɗakin nan, damina guda ya kwashe yana yi. Ranar da ta gaya wa mahaifiyarta, Inna Bilki ta toshe mata baki da tafin hannu.

"Kada in ƙara ji," in ji ta. "So kike a watse wa Malam daga karatu?"

Ta gasa mata jiki da ruwan zafi, shi ke nan. Washegari aka ba Ikilima kwanon tuwo ta kai zaure. Mutumin na zaune a cikin masu ci, har ya sa mata albarka.

Haka ta girma. In ta shaƙi irin turaren da yake shafawa, sai zuciyarta ta tashi. Da ta yi aure, Kamilu na taɓa kafaɗarta ba zato sai ta zabura ta yi ihu. Aka ce aljanu ne. Ta sha rubutu, ta sha hayaƙi, an yi mata ruƙiyya har muryar mai yi ta dushe. Uwarta, wadda ta san sunan aljanin da gidansa, ita ke riƙe mata ƙafafu.

Tana da 'ya'ya huɗu wata maƙwabciyarta ta roƙe ta ta raka ta Dutse. Wani mai shago ne ya lalata Najwa, 'yar maƙwabciyar, aka tura su cibiyar da ke kula da irin waɗannan yara. Bayan likita ta duba yarinyar, aka shigar da su wurin wata ma'aikaciya, Ruwaida, wadda aikinta shi ne zama da yaran ta saurare su. Ruwaida ta bar kujerarta ta zauna a tabarma kusa da Najwa. Ba ta tambaye ta me ya kai ta shagon ba. Cewa ta yi, "Najwa, ba laifinki ba ne. Shi ne babba, shi ya yi abin kunya."

Ikilima ta miƙe ta fita, ta durƙusa a gindin wata bishiyar darbejiya ta yi ta amai. Ruwaida ta biyo ta da ruwa a kofi, ta tsaya har ta wanke baki, sannan ta ce a hankali, "Yaya, mu nan har manya muna gani."

Ikilima ta daɗe tana zuwa cibiyar. Ranar farko ba ta iya cewa komai ba sai kuka. Daga baya ta faɗi abin da aka yi mata, ta kuma faɗa wa Kamilu, wanda ya ce duk ranar da za ta je shi zai kai ta tasha. Cibiyar ta koya mata yadda ake sauraron yaro ba a tsorata shi ba, da yadda ake hana uwa wanke yarinya kafin likita ta gani. Daga nan mata suka fara zuwa gidanta.

Abin da ya fi tayar mata da zuciya a wannan aiki shi ne 'yan sulhu. Ana taɓa yaro, kafin yamma sun iso da manyan riguna da goro, suna maganar rufin asiri da zumunci. Ba ta taɓa jin ɗayansu ya tambayi yadda yaron ya kwana ba.

Bayan rasuwar Malam Yahuza, makaranta ta koma hannun yayanta, Malam Talha, ita ma a can take da aji. Wata rana ta ji an buɗe sashen marayu mata, kuma an naɗa Alhaji Abdulkahar uban sashen, tunda shi ya ba da buhunan gero. Zai riƙa shiga duba yaran duk sanda ya ga dama. Ta sami yayanta a zaure ta gaya masa komai, ba ta rage ba.

Malam Talha ya daɗe yana jan carbi. "Ikilima, mutumin nan ya tsufa, ya je Makka. Wataƙila ya tuba."

"Yaya Malam, in ya tuba tsakaninsa da Allah ne. Ni dai bai nemi gafarata ba. Za ka bar shi da Mu'minatu 'yarka a ɗaki?"

"Wannan daban."

"Me ya bambanta su? Don su ba su da uba?"

"Ki binne zancen nan. Sunan Malam za ki ɓata."

Ta dube shi, da rawaninsa da littattafan da ke jibge a gabansa, ta ji ƙyamar zauren nan gaba ɗaya, har tabarmar da take kai.

Da la'asar ta rufe littafi a gaban ɗalibanta, ta faɗi abin da aka yi mata, ta kama suna. Wata ta yi tsaki ta ce tsofai-tsofai da ita ba ta jin kunya. Amma kafin mako ya zagayo, mata biyu sun same ta a gida, kowacce da ranarta, suka ce su ma haka ya yi musu. Ɗaya jikar Alhajin ce ta wajen 'yarsa.

Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, sai aka sauke shi. A masallaci aka sanar cewa Alhaji ya ajiye muƙamin saboda ciwon ƙafa, aka yi masa addu'ar samun lafiya, jama'a suka shafa. Har yau a sahun gaba yake salla. Ita kuwa aka aiko mata cewa ta huta da koyarwa, Malam Talha ya daina amsa gaisuwarta.

Yanzu a tsakar gidanta take karantarwa, ɗaliban ba su kai na da ba. Jikar Alhajin ta amince za ta je Dutse, amma sau biyu suna isa tasha tana juyawa. Ikilima ba ta matsa mata ba. Ta ce mata Laraba mai zuwa ma akwai mota.